Leo Fender, mai gyaran rediyon da ya ƙera jitar lantarki alhali bai iya kaɗa ta ba

Duk wanda ya taɓa zama a wurin walima ko wa'azi ko gangamin siyasa a Jiddari Polo ta Maiduguri, ko a kowace unguwa ta ƙasar nan, ya san kukan da lasifika ke yi idan mai magana ya matso kusa da ita da makirfo a hannu. Ƙara ce siririya mai huda kunne, wadda ke sa yara su toshe kunnuwa, manya su juyo da harara, mai kula da na'ura kuma ya ruga ya rage murya. Abin da ke faruwa shi ne sautin da ya fita daga lasifika ya koma cikin makirfo, a ƙara masa ƙarfi, ya fita, ya sake dawowa, har ya zama ihu. Wannan kukan da masu gyaran rediyo da amfilifaya ke fama da shi kullum, shi ne ya addabi makaɗan jita a Amurka kimanin shekaru 80 da suka wuce. Mutumin da ya fi kowa suna wajen magance shi kuwa abokin sana'arsu ne: mai gyaran rediyo, mai ido ɗaya, wanda har ya bar duniya bai koyi kaɗa jita ba.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a gonar iyayensa da ke tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton a kudancin jihar Kaliforniya. Iyayen nasa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara 8 ƙari ya fito masa a idon hagu, likitoci suka cire idon suka sa masa na gilashi, abin da daga baya ya hana a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ɗan taɓa fiyano da saksofon yana yaro, amma hankalinsa bai zauna a kansu ba. Abin da ya kama zuciyarsa ya gan shi ne a garin Santa Maria, a shagon wani kawunsa mai suna John West, mai gyaran lantarkin mota. Kawun ya harhaɗa rediyo da tarkacen kayan gyara, kuma ƙarfin muryar da ke fita daga lasifikarta ya tsaya wa yaron a rai. Da ya koma gida sai ya fara kwance rediyo yana ɗaurawa, har maƙwabta suka fara kawo masa nasu.

Bai taɓa shiga ajin koyon injiniyanci ba. Bayan ya gama sakandare a 1928, aikin akanta ya karanta a ƙaramar kwalejin Fullerton. Ya yi aiki a wani kamfanin ƙanƙara a Anaheim, da farko yana kai kaya, daga baya yana riƙe littafin kuɗi, da dare kuma yana haɗa lasifikoki da amfilifaya yana ba masu shirya raye-raye haya. A 1934 ya auri Esther Klosky. Zamanin kuwa na karayar tattalin arzikin duniya ne, aiki ba ya daɗewa a hannun kowa. Ya yi akanta a ma'aikatar hanyoyi ta jihar, aka sallame shi; ya koma wani kamfanin taya, bayan wata 6 aka sake sallamar sa. A 1938 ya ranci dala 600, ya dawo Fullerton da matarsa, ya buɗe shagon gyaran rediyo da sunansa a kan allo.

Karatun akantan bai tafi a banza ba. Duk abin da ya ƙera daga baya yana ɗauke da alamar mutumin da ya saba lissafin abin da kowane noti da kowane awa na aiki zai ci.

Kudancin Kaliforniya a lokacin cike yake da baƙi daga jihohin Oklahoma da Texas, waɗanda fari da talauci da kuma aikin masana'antun yaƙi suka koro, sun zo da kiɗansu na karkara da manyan zaurukan rawa. Makaɗan waɗannan zauruka suka mayar da shagon Fender wurin zuwa, wannan ya kawo amfilifayar da ta ƙone, wancan ya kawo jitar da ta daina magana. Wadda aka fi yayi a lokacin ita ce jitar Hawaii, wadda ake kwantarwa a cinya a riƙa goga mata guntun ƙarfe, mai wannan sautin mai kama da shessheƙa da masu sauraron King Sunny Ade suka sani a waƙoƙinsa. Cikin masu zuwa shagon akwai Clayton Kauffman, wanda ake kira Doc, makaɗi kuma mai ƙirƙira, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker. Su biyun suka duƙufa a kan maɗaukin sauti, wato 'yar na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita sauti. Domin gwada maɗaukinsu suka ɗora shi a kan wani guntun katako marar fasali mai wuyan jita, kuma abin mamaki, makaɗa suka riƙa zuwa neman aron wannan abin gwajin. A 1945 suka kafa kamfanin K&F suna ƙera jitar Hawaii da ƙananan amfilifaya. Kauffman ya ji tsoron bashin da faɗaɗa aikin zai jawo, ya janye a farkon 1946, Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunansa.

Jitar da ake ratayawa a kafaɗa ita ce mai matsala. Tun 1936 kamfanin Gibson ke sayar da irinta mai lantarki, amma akwati ce mai rami a ciki, kamar ƙwaryar gurmi. Ramin da ke ba ta murya a cikin ɗaki shi ne ke zama bala'i a zauren rawa: da zarar an ƙara wa amfilifaya ƙarfi, sautin lasifika sai ya girgiza siririn katakon akwatin, katakon ya girgiza tsirkiyoyi, maɗauki ya sake ɗauka, kuka ya tashi. Makaɗa sukan cusa tsumma a cikin ramin, ba ya wadatarwa. Maganin a bayyane yake, a cire ramin gaba ɗaya, a yi gangar jikin da dunƙulallen katako wanda iska ba ta iya kaɗawa.

A nan ya kamata a yi adalci, domin sau da yawa akan ce Fender ne ya ƙirƙiro jitar lantarki, kuma ba haka ba ne. George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker sun riga shi tun farkon shekarun 1930. Makaɗi Les Paul ya haɗa tasa da gungumen katako a wajajen 1940, ya kai wa Gibson suka yi masa dariya. A 1948 kuma wani makanikin babur mai suna Paul Bigsby, shi ma a kudancin Kaliforniya, ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis jita marar ramin sauti, mai maɓallan ɗaure tsirkiya guda 6 jere a gefe ɗaya na kanta. Travis ya yi ta faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa Fender ya ari wannan jitar ya duba ta kafin ya yi tasa, Fender kuma ya musanta. Wanda ya jera hotunan kawunan jitocin biyu, musamman na wadda Fender ya fitar a 1954, zai ga kamar da ke da wuyar kawar da kai. Bambancin shi ne Bigsby yana yin ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, mai so ya jira watanni. Fender kuwa tambayarsa daban ce: yaya za a yi ɗaruruwa a wata, da ma'aikatan da ba su gaji sassaƙa ba, a farashin da makaɗin mashaya zai iya biya, kuma idan ta lalace a gyara ta nan take?

Tambayar mai gyara ce, kuma amsar da ya bayar tare da George Fullerton, wanda ya shigo kamfanin a 1948, amsar mai gyara ce. Gangar jikin falle ɗaya ne na katako mai kauri, a yanka da zarto a bi da injin gogewa. Wayoyi da maɓallan murya suna kan farantin ƙarfe guda, a kwance noti biyu a ɗago su duka. Wuyan kuwa, wanda masu ƙera jita tun kaka da kakanni suke dasawa cikin jiki da gam ta yadda raba su sai gwani, Fender ya sassaƙa shi daban daga itace mai tauri da ake kira maple, ya dasa matakan ƙarfe kai tsaye a fuskarsa, ya zaunar da gindinsa a wani gurbi, ya ɗaure da dogayen noti 4 ta baya. Tunaninsa shi ne idan matakan sun cinye ko wuyan ya karye, makaɗi ya kwance ya yar, a aiko masa sabo ta gidan waya. An fitar da ita a 1950 da sunan Esquire. A baje kolin 'yan kasuwar kayan kiɗa tsofaffin kamfanoni suka yi mata ba'a, wasu suka kwatanta ta da filafilin kwalekwale, wasu da shebur.

Ba'ar ba ta dame shi ba. Abin da ya kusa kayar da shi kuskurensa ne na kansa, kuma a wuya yake.

Tsirkiyoyi 6 na jitar lantarki, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuya da nauyin da ya kai kusan kilo 45, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Katako kuma abu ne mai shan danshi yana amayarwa. Tun farkon shekarun 1920 wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya samo dabarar binne siririn rodin ƙarfe a cikin wuya, mai noti a ƙarshensa, wanda idan an ɗaure shi yake ja da baya ya yi gardama da tsirkiyoyi. Fender ya san da wannan dabara, ya ƙi ta. A ganinsa katakon da ya zaɓa yana da taurin da ba ya buƙatar taimako, rodi kuma ƙarin kuɗi ne da ƙarin aiki. Jitocin farko suka fita babu rodi. Suna barin busasshiyar iskar Kaliforniya zuwa jihohi masu danshi da sanyi sai wuyoyi suka fara lanƙwashewa. Don Randall, wanda ke kula da tallar kayan, ya yi ta aiko da ƙorafin dillalai, yana gargaɗin cewa sunan kamfanin zai mutu tun bai tashi ba. Fender ya yi taurin kai na 'yan watanni, sannan ya sauka. Kafin ƙarshen 1950 aka fara tsaga bayan wuyan a sa rodi, a rufe tsagar da siririn katako mai duhu. Wannan baƙin layin da ake gani a bayan wuyan jitocin Fender har yau, wanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne, tabon wannan gardamar ne.

Dalilin da ya sa lanƙwasa 'yar kaɗan ke zama babbar magana yana da kyau a fahimce shi. Makaɗin garaya ko molo ba shi da matakai a wuyan abin kiɗansa. Idan gora ta ɗan karkace, yatsansa da kunnensa sukan gyara, ko ya matsa ɗaurin fatar da ke riƙe da tsirkiya. Jita ba ta da wannan rangwame. Matakanta siraran ƙarafa ne da aka gicciya a wuraren da lissafi ya ƙayyade, 21 a jitar Fender ta farko, a tsawon tsirkiya inci 25.5, wato kusan santimita 65. Idan wuya ya lanƙwashe gaba da yawa, tsirkiyoyi sukan yi nisa da matakai, danna su ya zama azaba, sauti kuma ya haura inda ya kamata. Idan ya lanƙwashe baya, tsirkiya ta riƙa gogar matakai tana zuza kamar ƙuda a kwalba. Abin da ake nema ba miƙewa sak ba ce, 'yar lanƙwasa ce da ido ba ya gani. Mai saiti yakan danne tsirkiya a matakin farko da na ƙarshe, ya duba tazarar da ta rage a wajen mataki na 8. Rubu'in milimita ake so, kimanin kaurin katin waya na takarda. Idan ta wuce haka a ɗaure notin rodi, idan ta gaza a sassauta, kuma ba a wuce rubu'in juyi a lokaci guda, a bar katakon ya huta kafin a sake aunawa. Masu gaggawa da yawa sun tsinke rodi a nan.

Sai bayan wuya ya zauna ake komawa kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, sunan da makaɗan goge suka daɗe suna kiran nasu da shi. A nan ake daidaita tsayin kowace tsirkiya, yawanci ƙasa da milimita 2 daga matakan da ke kusa da jiki, sannan a daidaita tsawonta. Mataki na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, kuma sautinsa dole ya zama ninkin na tsirkiyar da ba a danna ba. Idan ya haura a ja mazaunin baya, idan ya gaza a tura shi gaba. Wanda ya fara da jaki kafin wuya zai yi aikin sau biyu. Kuma saitin ba na har abada ba ne. A gari irin Maiduguri, inda hunturu ke busar da katako har ƙofofi su yi sako-sako, damina kuma ta kumbura su har su ƙi rufuwa, wuyan jita ma yana bin kaka. Da hunturu fuskar wuyan takan tsuke, bakunan matakan ƙarfe su leƙo ta gefe suna yankar hannu, kuma saitin da aka yi a watan Agusta ba lalle ya kai Janairu ba. Ya kamata a faɗi cewa Fender bai sauƙaƙa wannan aikin ba: ya ɓoye notin rodin a gindin wuya, inda a wasu jitocinsa sai an sassauta wuyan kafin sukudireba ta kai gare shi. Mai gyara ma yakan bar wa na bayansa aiki.

Samfurin mai rodi da maɗaukan sauti biyu an sa masa suna Broadcaster. A Fabrairun 1951 kamfanin Gretsch ya bugo tangaraho cewa yana da ganguna masu rajista da kusan wannan suna. Fender, akanta har kullum, bai zubar da takardun tambarin da ya riga ya buga ba. Ya sa aka riƙa yanke sunan da almakashi ana liƙa sauran, har suka ƙare. Randall ya ɗauko sabon suna daga talabijin, abin yayin lokacin, ta zama Telecaster. A shekarar ce kuma kamfanin ya fitar da jitar bes mai tsirkiya 4 da matakai, wadda ta raba makaɗa da ɗawainiyar ƙaton gogen nan mai tsayin mutum da ake ɗaurawa a kan mota, wanda kuma ba a jin sa idan ganguna sun tashi. Wasu masana tarihin kiɗa suna ganin wannan ta fi jitar kanta canza yadda ƙungiyoyin kiɗa suke, kuma suna da hujja.

Tun da bai iya kiɗa ba, ta yaya ya san abin da ke damun makaɗi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Fender ya mayar da tambayar masu ɗaki hanyar aikinsa. Yakan ba makaɗa samfurin gwaji su tafi da shi wurin rawa, su dawo su faɗi aibinsa. Shi da kansa yakan bi su zaurukan, cikin kayan aiki, aljihun rigarsa cike da sukudireba da alƙaluma, kuma waɗanda suka yi zamani da shi sun ba da labarin yadda yakan haye dandamali ana tsakiyar kiɗa ya murɗa wani abu a amfilifaya ya sauka. Bill Carson da Rex Gallion sun yi ƙorafin cewa kaifin gefen Telecaster yana cin haƙarƙari da hannu idan an yi awanni ana kiɗa. Carson ya kuma koka da jakinta, wanda tsirkiyoyi biyu ke raba mazauni ɗaya, ta yadda ba a iya daidaita ɗaya ba tare da ɓata ɗayar ba. Daga waɗannan ƙorafe-ƙorafe, da zanen Freddie Tavares, ɗan Hawaii da ya shigo a 1953, aka sami Stratocaster a 1954: jiki mai rami a baya inda ciki ke zama, gefe a zabge inda hannu ke sauka, maɗaukai 3, mazauni 6 kowace tsirkiya da nata, da hannun ƙarfe mai girgiza sauti. Hannun na farko da Fender ya ƙera, bayan ya kashe kuɗi masu yawa a kan injinansa, Carson ya gwada shi a wurin rawa ya dawo ya ce yana kashe amon tsirkiya. Wannan karon ba a yi watanni ana gardama ba. Fender ya watsar da shi ya sake sabo. An sa mata farashin dala 249.50.

Ba kowane ƙorafi ya saurara ba. Maɓallin zaɓen maɗauki matsayi 3 gare shi, makaɗa kuma suka gano cewa sauti mafi daɗi yana tsakanin matsayi da matsayi, har sukan cusa tsinken ashana su tsayar da shi a can. Kamfanin bai ba su maɓalli mai matsayi 5 ba sai a 1977, Fender ya daɗe da barin wurin.

Makaɗan karkara ya yi wa aiki, amma wasu ne suka ɗauke kayan. Buddy Holly ya fito da Stratocaster a talabijin ɗin Amurka a ƙarshen 1957, matasa a Amurka da Ingila suka fara neman irinta. Dick Dale ya yi ta ƙona amfilifaya saboda ƙarfin da yake so, Fender ya yi ta ƙera masa mafi ƙarfi. A Landan, Jim Marshall ya kwaikwayi tsarin amfilifayar Bassman ta Fender a 1962 ya kafa nasa sunan. Sai kuma Jimi Hendrix, bahago, wanda ya kifa jitar 'yan dama, ya tsaya da ita gaban lasifikoki da gangan yana kiran kukan nan da Fender ya kashe shekaru yana kora, ya mayar da shi kiɗa. Fender mai son sauti tsarkakakke ne, kuma duniya ta fi son kayansa a daidai inda suke fara ƙugi.

A tsakiyar shekarun 1950 wata cuta ta kama shi a kogon hanci, ta ƙi jin magani shekara da shekaru. Ya ɗauka kwanansa ya kusa, kamfanin kuma ya girma fiye da abin da mai son zama a teburin gwaji zai iya riƙewa. A Janairun 1965 aka sayar wa kamfanin watsa labarai na CBS a kan dala miliyan 13, fiye da abin da CBS ya biya 'yan watanni kafin nan don mallakar mafi yawan hannun jarin ƙungiyar wasan New York Yankees. Ya sa hannu cewa ba zai yi gogayya da su ba har shekara 10. Ba da jimawa ba ya canza likita, ya warke sarai. Yana da shekara 55, da dukiya, da lafiya, ba shi da ikon sa sunansa a kan jita. A matsayin mai ba CBS shawara ya ƙirƙiro wani ɗan noti a gindin wuya da ke daidaita karkatarsa ba tare da an kwance shi ba, amma aka haɗa dabarar da ɗaurin noti 3 da gurbin da ba a yanka da kulawa ba, wuyoyi suka riƙa motsi, makaɗa suka tsani abin. Daga nan ne aka fara neman tsofaffin jitocin kafin zuwan CBS da tsada. Sai a 1985 ma'aikatan kamfanin, ƙarƙashin Bill Schultz, suka saye shi daga hannun CBS.

Gadonsa mafi yaɗuwa wataƙila ba a masana'anta yake ba. Jitar da ake ɗaurewa da noti, kowa mai zarto da haƙuri yana iya gwada yin ta, ko ya sayi wuya a nan, jiki a can, ya haɗa. Eddie Van Halen haka ya yi a shekarun 1970: jiki na dala 50, wuya na dala 80, maɗaukin Gibson da ya ɓalle daga wata jita, ya fesa fenti da hannunsa. A 2009 hukumar rajistar alamomin kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba kamfanin Fender mallakar siffar jikin jitocinsa, bisa dalilin cewa an daɗe ana kwaikwayonta har ta zama ta kowa. Sha'awar ƙera abin kiɗa da hannu kuwa ba ta jira Kaliforniya ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua a Nijar, shi ma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko, kuma Stratocaster ta bahago ce ya zagaya duniya da ita daga baya. Yaron da ya ƙera irin wannan ya kai wa na gaba da shi ya ji, amsar da zai samu ba ta wuce wadda Randall da Carson suka ba Fender ba: wuyan ya karkace, tsirkiya ta yi nisa, sauti ba ya zama daidai a sama.

Wa'adin shekara 10 na cika, Fender ya fito a matsayin shugaban kamfanin Music Man a 1975, inda ya ƙera bes ɗin StingRay mai batir a ciki a 1976. Esther ta mutu da ciwon daji a 1979. A daidai wannan lokacin ya kafa G&L tare da George Fullerton da Dale Hyatt, harufan farko na George da Leo, a wani titi na Fullerton mai ɗauke da sunan Fender. A 1980 ya auri Phyllis. Bai canza shiga ba, bai shiga taron mashahurai ba. Jiragen ruwa da kyamarori ne kawai aka san yana kashe wa kuɗi. A ɗakin gwajinsa akwai wani katako mai tsirkiyoyi wanda yake zame maɗaukai a ƙarƙashinsa gaba da baya yana saurare, ɗan'uwan guntun katakon da shi da Kauffman suka fara da shi.

Cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki ta ci ƙarfinsa a shekarun ƙarshe, amma ya ci gaba da zuwa wurin aiki har kwana ɗaya kafin mutuwarsa. Ya mutu ranar 21 ga Maris, 1991, a Fullerton, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Fairhaven da ke Santa Ana kusa da matarsa ta farko. Bai bar 'ya'ya na cikinsa ba. A 1992 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen kiɗan rock na Amurka, a 2009 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha. Ma'aikatan G&L sun bar ɗakin gwajinsa shekaru da dama kamar yadda ya fita ya bar shi, da kayan aikin a kan tebur.